Kalmar “second-hand” da Haɗarin Fassarar Kalma da Kalma

Daga cikin harɗaɗɗun sifofin Ingilishi da ɗalibai ke yawan tuntuɓe da su a darasin fassara akwai “second-hand”. An gina ta ne da kalmomi biyu, aka haɗa su da karan ɗori, ko da yake Amurkawa sun fi rubuta ta a dunƙule. Da ɗalibi ya gan ta sai ya rubuta “hannu na biyu”, malami kuma ya ba shi maki. A ganina wannan maki zalunci ne ga Hausa.

Ma’anarta ta farko ita ce abin da wani ya riga ya yi amfani da shi. A nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan. Tufafi dai gwanjo ne, kamar waɗanda ake baje wa a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Mota kuwa a ce ta hannu ce, ko ’yar Kwatano, ko tokumbo, kalmar da muka aro daga Yarbanci. Abin lura shi ne Bahaushe ma ya kawo hannu cikin maganar, amma bai ƙirga shi ba.

Idan sifar ta hau kan labari, zance ya sauya. Tana nufin mai ba da labarin jiyau ne, ba ganau ba. Wasu kan fassara ta da jita-jita, alhali labarin jiyau yana iya zama gaskiya tsantsa. Illa dai mai faɗinsa bai halarci wurin ba.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne fannin lafiya. Idan aka jingina ta ga hayaƙin taba, ana nufin hayaƙin da wanda ba ya shan taba yake shaƙa daga na kusa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irin wannan hayaƙi yana hallaka sama da mutum miliyan 1 kowace shekara. Uwar da aka karanta wa “hayaƙin hannu na biyu” a rediyo ba za ta gane cewa da jaririnta ake ba.

Akwai kuma wani tarko: idan aka cire karan ɗorin, kalmomin nan biyu suna iya nufin hannun agogo mai nuna daƙiƙa.

Saboda haka, malamin gobe kada ya rubuta wannan sifa a allo ita kaɗai. Ya sa ta cikin jimloli huɗu, ya bar yara su nemo wa kowace jimla Hausar da ake faɗa a gidajensu.