Idan muka sare itacen shamuwa, ina za ta sauka?

Yau maganar tsuntsu za mu yi, kuma kada wani ya ce wasa ne.

Kowa ya san shamuwa. Idan bazara ta yi zafi, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai mu wayi gari mu gan ta bisa gawo ko tsamiya tana jan ƙirare. Daga nan tsofaffi ke cewa a gyara iri, ruwa ya kusa. Tafiya ce mai nisa take yi, daga kudancin Afirka inda take cin rani, ta zo nan ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe. Kuma ba cikin daji take son zama ba, cikin gari take sauka, kusa da mutane, don kakanninmu ba su taɓa ta.

To amma mu duba garuruwanmu yau. Manyan itatuwan da ke bakin kasuwa da ƙofar gida suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan an sare don a yi shago, wancan an sassake rassansa don icen girki ko abincin bisashe. Wanda ya rage kuma, yara na ƙarƙashinsa da danƙo. Shamuwa na son komawa inda ta saba. In ta zo ta tarar da fili, sai ta wuce gaba.

Wani zai ce, to mi ne ne? Mu tambayi manomi. Babban abincin shamuwa fara ce da tsutsa, su take kwasowa daga gonaki tana ciyar da ƴaƴanta tsawon damina. Duk wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 nan jihar Maraɗi ya san fara ba abin raini ba ce. Ba mu ce shamuwa za ta tare farin ɗango in ya taso ba. Amma ƙananan farin da ke cin hatsi tun yana tsiro, tana rage su kullum, ba kuɗin magani, ba guba.

Mun san ƙorafin masu gida, kuma gaskiya ne: kashi, ƙarni, da ƙazantar da ke zuba inda ake shimfiɗa tabarma. Sai dai abin na ƴan watanni ne, kuma abin da aka share taki ne. A gusa da tabarma ya fi a kawo gatari.

A Amurka akwai wata tsattsewa da ke zuwa musu daga Barazil kowace shekara. A gabashin ƙasar kusan dukkansu cikin gidajen da mutane suka kafa musu suke sheƙa, har cikin lambunan shaƙatawa na birane. Asalin abin, mutanen ƙasar na farko ne ke rataya musu goruna. Su sai sun kashe kuɗi su kira tsuntsu. Mu namu yana zuwa da kansa, itace kawai yake roƙo.

Kuma mun iya raya itace. Nan Maraɗi aka fara sassaben zamani a shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo, manoma suka bar kututture ya tofo, har aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Abin da muka yi a gona, mi zai hana mu yi shi cikin gari?

Roƙonmu kaɗan ne. Magadan gari da ma'aikatan gandun daji su ƙidaya itatuwan da ke da sheƙa, a hana sara ko sassake su daga saukar shamuwa har tashinta bayan damina. Masu unguwa su tsawata wa yara. Malaman lakwal su fita da ɗalibai su ƙirga sheƙuna kowace shekara, mu san ko raguwa suke. Ranar 3 ga Agusta, idan za a dasa itace, kada a tsaya ga bedi kaɗai, a sa gawo da tsamiya, a kuma killace su. Amma mu tuna, dashen bana sai ya shekara da yawa kafin ya ɗauki sheƙa. Wanda ke tsaye yau shi za mu fara tsarewa.

Ku faɗa mana, a unguwarku itace nawa shamuwa ta sauka bana? Allah ya ba mu damina mai albarka.