Ciwon da Aka Kawo Shi Za a Duba

Maƙalar wannan mako ta taɓo batun da na san wasu za su yamutsa fuska a kansa. Ku daure ku kai ƙarshe kafin a fara jifa.

A watan Mayun 1972, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana taronta na shekara a birnin Dallas, sai wani mutum ya fito gaban mahalarta sanye da fuskar roba da gashin kanti da kwat ɗin da ta yi masa yawa, yana magana ta makirufo mai sauya murya. Ya shaida musu cewa shi likitan ƙwaƙwalwa ne kamar su, kuma namiji ne mai son maza. Sunansa John Fryer, amma sai a 1994 ya yarda duniya ta san shi ne. Ya ɓoye fuskarsa ne saboda littafin da abokan aikinsa ke rarrabe cututtuka da shi ya sa irinsa cikin masu taɓin hankali, kuma an riga an taɓa raba shi da aiki a kan haka. To idan likita ya ji tsoron likitoci har ya rufe fuska, ina ga majinyacin da zai zo ya zauna a gabansu ya amayar da abin da ke cikinsa?

Tun 1957 wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Evelyn Hooker, ta gwada maza 30 masu son maza da wasu 30 masu son mata, ta miƙa sakamakon ga ƙwararru ba tare da ta faɗa musu wane ne wane ba. Suka kasa bambancewa. A Disambar 1973 ƙungiyar likitocin ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 17 ga Mayu, 1990, sannan a sabon kundinta da ya fara aiki a Janairun 2022 ta fitar da batun masu sauya jinsi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa.

An gyara littafi, amma wahalar neman likita na nan. Mutum zai kwashe watanni bai yi barcin kirki ba, abinci ya fita ransa, ya kasa aiki, ya tattara ƙarfin hali da kuɗinsa ya je wurin mai duba lafiyar tunani. Da zarar ya ambaci wanda yake so, ko ya ce ba ya jin kansa a jinsin da aka haife shi, shi ke nan an manta da rashin barcin. Wani likitan zai ɗora kowace matsala a kan wannan abu ɗaya, ko da rasuwar mahaifiya ce ta kawo mutum. Wani zai yi gum, ya sauya zance kamar an yi tusa a taro. Akwai kuma mai kyakkyawar niyya amma fanko, wanda zai cinye sa'ar da aka biya yana tambayar ma'anar kalmomi, majinyaci ya koma malami, kuma shi ke biya. Wannan na ukun ya fi ba ni haushi, don da wuya a gane laifinsa.

Ra'ayina a nan shi ne wanda ya zo da ciwon damuwa, ciwon damuwar za a duba. Ilan Meyer, wani mai bincike a Amurka, ya tattara hujjoji a 2003 cewa yawan damuwa da fargaba a tsakanin waɗannan mutane yana da tushe a tsangwama, da zaman jiran tsangwama, da nauyin ɓoye kai kullum. Likitan da bai san wannan ba zai yi ta dukan jaki ya bar taiki.

Na san mai cewa, ai a yi masa maganin da zai juya shi kawai. An gwada. Robert Spitzer, wanda ya taka rawa a gyaran 1973, ya buga bincike a 2003 bayan hira ta waya da mutum 200, ya ce wasu kan sauya. A 2012 ya fito da kansa ya ce binciken ba shi da madogara, ya nemi gafarar waɗanda ya cutar. Exodus International, ƙungiyar Kiristoci da ta shafe shekara 37 tana wannan aiki, ta rufe a 2013, shugabanta Alan Chambers ya ba da haƙuri. Malta ta haramta irin wannan jinya a 2016, Kanada da Faransa a 2022.

Mai cewa addini ya riga ya yi hukunci kuwa, ban zo musu da shi a nan ba. Malami yana da zaurensa, likita yana da ɗakinsa. Ba a tambayar wanda mota ta kaɗe ko ya yi sallar Asuba kafin a ɗinke shi. Kuma abin da ake yawan mantawa shi ne da yawa daga cikin masu neman wannan taimako masu addini ne, imaninsu na da nauyi a zuciyarsu. Likitan da zai ce su yar da addinin su huta, shi ma ya gaza, daidai da wanda zai hau su da wa'azi. Rahoton da ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta fitar a 2009 ya nemi a taimaki mutum da wannan rikici nasa ba tare da likita ya riga ya tsara inda za a ƙare ba.

To ta yaya ake gane nagari? A Amurka likitoci da yawa kan ba da gajeriyar hira ta waya kyauta kafin a fara, kuma nan ne wurin tambaya. Ka taɓa aiki da mutum irina? A ina ka samu horo a kan wannan? Me kake gani game da jinyar juya mutum? Wanda ya yi kame-kame a ta ƙarshen, a nemi wani. Ana iya duba lasisinsa a hukumar jiharsa. Tutar bakan gizo a shafinsa na intanet talla ce, kowa na iya liƙawa. Haka kuma likitan da ke cewa "gaskiyarka ne" ga duk abin da ka faɗa bai san aikinsa ba, don nagari zai gaya maka idan shan giyarka ya yi yawa ko kana cutar da abokin zamanka, ba tare da ya mai da kai kanka cutar ba.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta sirri: me kake rubutawa, ina kake ajiyewa, wa ke iya gani? A can abin tsoron shi ne labari ya kai ga iyali ko wurin aiki. A Najeriya, inda dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, mai ciwon damuwa irin wannan yana auna abin da ya fi haka kafin ya buɗe baki. Shi ya sa da yawa sukan ce wa likita ciwon kai ne, su karɓi maganin barci su tafi gida.