Kayan Ɗakin Amarya: Me Muke Sayar Wa Mutanenmu?

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da fatake da dillalai, maza da mata, na ƙasar Gaya da Ajingi. Yau za mu ɗan matsar da farashin gero da dawa da wake gefe guda, domin akwai maganar da ta daɗe tana cin mu a rai, ga shi kuwa kaka ta yi, an soma ɗaurin aure ko'ina. Maganar kayan ɗaki ce.

Kowa a cikinmu ya san yadda abin yake. Da an kawar da amfanin gona sai ka ga dattijo ya shigo rumfa, ya yi sallama, ya zauna bakin benci, ya tambayi iyalinka ɗaya bayan ɗaya. Kana jin tsawon gaisuwar ka san 'ya zai aurar. Ko daga Kademi yake, ko Gamoji, ko Balare, ko Toranke, duk zancen ɗaya ne. Buhu nawa ya samu bana, kai ka sani, don a gabanka aka auna. Can sai ya zaro takarda wadda matan gida suka sa yaro ya rubuta: gado da katifa, da sif, da kujeru, da madubi, da labule, da ledar ƙasa, da setin kuloli, da tangaran dozin kaza. Ka dubi takarda, ka dubi buhunansa, ka ga ko kusa ba su haɗu ba. To mu me muke cewa? "Ɗauka Malam, ai ana tare, in an kwana biyu ka kawo ciko." Mu ga kamar taimako muka yi. A ganinmu sau da yawa ba taimako ba ne, rami ne muka haƙa, kuma mu da shi muke faɗawa.

Bari mu koma baya kaɗan, don samarin da suka shigo kasuwa jiya. A zamanin kakanninmu jeren amarya ƙore ne, masu sassaƙa da zane, a jera su ƙarama bisa babba har su kusa taɓa rufi, da akushi, da faifai, da tabarmar kaba, mai hali ya ƙara da tasoshin jan ƙarfe. Daga nan kwanon sha da langa da kwalla da fanteka suka shigo ta hannun kantunan Turawa, ana kawo su daga Turai da Hongkong, har wajen 1960 mutanen Hongkong ɗin suka zo suka kafa masana'antun kwano a Ikko da Kano, kwano ya yi araha ya shiga kowane ƙauye. Aka canza fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. Kuɗin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a 1975, shekarar da cuta ta cinye gyaɗar manomanmu, kuma tun ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Ma'aikaci a birni ya sayi gado mai rumfa da kabad mai gilashi, manomi a ƙauye ya ga 'yarsa ba za ta shiga ɗaki da ƙasa da haka ba. Mu dai a saninmu daga nan tseren ya tashi, har yau kuwa bai tsaya ba.

Amma ga abin da ake mantawa. Kwanukan nan da iyayenmu mata suke jerawa a bango ba ado kaɗai ba ne. Asusu ne. Macen da ke cikin kulle ba ta da banki, ba ta da rumfa, bangon ɗakinta shi ne ma'ajinta. Ta yi riba a ƙuli-ƙuli ko ta kwashi adashi, sai ta aika a sayo kwalla ɗaya ta ɗora. Ran da yaro ya kwanta ciwo kuma maigida ya tafi cin rani, ta sauko da biyu ta ba dillaliya, kafin la'asar kuɗi ya zo. Abin da ya saura shi za ta yi wa 'yarta jere da shi bayan shekara goma sha biyar. Dillalai mata da ke karanta takardar nan, ko ake karanta musu, su ne shaidunmu: kwano mai kyau wanda ba a ci abinci a ciki ba, in an fito da shi ba ya kwantai, wani lokaci ma da riba yake fita in naira ta faɗi, kamar yadda ta yi daga 1986 zuwa gaba.

To yau fa? Ɗauki sif ɗin nan da gadon da ake yi da matsattsen garin katako, an lulluɓe shi da takarda mai sheƙi. Ranar jere kam sai ka rantse ɗakin matar gwamna ne. Damina ɗaya, in ɗaki na yoyo ko ƙasa na tsattsafo, gindinsa ya kumbura ya soma zuba kamar tsaki. Abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa, ba garar da ake kai wa gidan ango ba, wadda ke fitowa daga ƙasa. A ɗauke shi a amalanke daga wannan gida zuwa wancan, ƙusa ta saki, ba ya sake haɗuwa. Kulolin roba kuwa da an buɗe kwali rabin kuɗinsu ya tafi. Wace dillaliya ce za ta ɗauki wannan ta zaga da shi? In ta zaga wa zai taya? Ashe mun karɓi buhu goma na gumin mutum mun ba 'yarsa abin da ba zai cece ta ran wuya ba.

Ba labarin wani muke ba ku ba. Ɗaya daga cikinmu ya ba wani manomi kayan ɗaki bashi a kakar 2024, lokacin da hatsi ke da tsada, aka yi lissafi bisa buhu, kowa na murna. Kowa kuwa ya san abin da ya faru a 2025: farashin hatsi ya faɗi, taki bai faɗi ba. Buhunan da aka yi lissafi da su suka kasa biyan bashin. Mutumin da a da ba ya wuce rumfa sai ya tsaya an gaisa, ya koma yana zagayawa ta layin 'yan tumaki don kada a haɗa ido. Daga baya ya sayar da ɗan bijimin da yake huɗa da shi ya kawo rabi. Ragowar tana nan a littafi. An yi asarar kuɗi, an yi asarar abokin ciniki na shekara da shekaru, sif ɗin da aka yi duk wannan dominsa kuwa an ce tuni aka jingine shi da bulo. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mun yarda. Amma wanda za a ci don jari daban, wanda za a ci don idon 'yan kallon ɗaki daban.

Wani zai ce, to ku so kuke a koma zamanin ƙwarya? A'a. Mu ma da kayan kanti muke ci da iyalinmu, kuma ba wanda zai ce amarya ta kwana a kan tabarma alhali ga katifa. Mun kuma san zafin gori. Yarinya ta shiga gidan da akwai kishiya ko faccaloli, ɗakinta fayau, har ta tsufa ana yi mata habaici da shi. Uwar da ta matsa wa miji a kan kujeru ba hauka take ba, mutuncin 'yarta take karewa. Ko gwamnati ta san nauyin abin, shi ya sa a auren zawarawa da Hisba ta soma a Kano a 2012, da auren gata na amare 1,800 da aka ɗaura a watan Oktoba 2023, gado da katifa na cikin abin da aka bayar, har da ɗan jari ga amare. Ku lura da wannan na ƙarshe, jari.

Abin da muke cewa shi ne, idan dattijo ya ajiye takardarsa a gabanka, kai ne ka san kaya, shi bai sani ba. Gaya masa gaskiya. Gadon ƙarfe na maƙeran walda na garinmu, ko na katako na ainihi ko da ba sheƙi, ya fi wancan daɗewa, kuma in ta ƙure ana iya sayar da shi. Mu ɗauka misali mutum na da naira 500,000. Maimakon a zuba duka a kujeru da sif har a ciwo bashin wata 200,000 a kai, a yi gado da katifa da labule da leda, a rage kujeru, abin da ya saura a sa a abin da ke haihuwa: keken ɗinki, ko injin taliya, ko tanda da babban kasko da tukunyar zubi, ko tunkiya da 'yarta. Tukunyar zubi ko ta fashe mai zubi zai saye ta a kan nauyi. Keken ɗinki kuwa mun ga wanda uwa ta yi aiki da shi, 'ya ta gada, jika na kai yanzu.

Kada kuma mu raina abin da ke fitowa daga cikin gidajen nan, don rabin cinikinmu can yake ƙarewa. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta rubuta cewa cinikin da matan kulle ke yi a cikin gidaje kasuwa ce sosai, ido ne kawai ba ya ganinta. Mu ba sai Baturiya ta gaya mana ba. Wa ke sayen gyaɗarmu tiya-tiya duk mako? Mai ƙuli-ƙuli ce: ta soya, ta kai markaɗe, ta murza da ruwan zafi har mai ya fito, ta sayar da man a kwalba, ta soya tunkuzar ta ba yarinya talla, ba abin da aka zubar. Wa ke sayen waken suya? Mai awara. Kalwa fa? Mai daddawa, wadda za ta kwana tana dafawa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe kwana biyu zuwa uku har ta yi, sannan ta kirɓa ta shanya. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 kayan kanti suka yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa suka rage dunƙulen Maggi da man jarka suka koma wa daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da man ƙuli. Wanda ke zaune bakin awo ya ga wannan da idonsa. Amaryar da ta shiga ɗaki da kasko da jarin gyaɗa tiya biyar, abokiyar cinikinka ce ta shekara talatin. Wadda ta shiga da kujerun bashi, sau ɗaya ka ci kuɗinta, shi ma ba duka ba.

Sai maganar masu sana'ar hannu, nan kuwa laifinmu ya fi yawa. Tsohuwa ta kawo faifai goma da ta yi mako biyu tana saƙawa da kaba, an rina da ja da kore, mu taya mata abin da ko kuɗin mota bai kai ba. In ta ce albarka mu juya baya, don mun san ba za ta koma da su gida ba. Mu kwasa mu kai Kurmi, can a sayar wa baƙi da masu adon falo ninki uku. Haka muke yi wa mai tabarma, da mai randa da tulu, da mai turmi da muciya da ludayi. Sannan mu zauna muna cewa yaran yanzu ba sa son koyon sana'a. Wa zai koyi abin da ya ga uwarsa ta makance a kai ba ta sayi zane ba? Garin da ake cewa daga cikinsa maƙerin nan ya tashi ya je Dala neman tama, har zuriyarsa ake kira Abagayawa, bai kamata a ce lauje da wuƙar yanka kuɓewa ma sai an sayo na waje ba. Randa kuwa, a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama, har yanzu ba a yi firjin da ya fi ta ba.

Adon ɗaki ma ba lalle sai da kuɗi mai yawa ba. Iyayenmu da farar ƙasa suke shafe bango, su yi daɓe su zuba makuba ta ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi ƙarfi ta yi duhu tana ƙyalli. Yanzu siminti ya maye gurbin daɓe, ba laifi. Amma faifai masu launi shida a jere a bango, da tabarma mai zane, da shimfiɗar gado da matan unguwa suka yi wa aikin allura, sun fi fulawar roba mai tara ƙura kyau, kuma kuɗin a garin zai kwana, gobe ya dawo rumfarka a sayi gishiri da sabulu.

Mun san la'ada ta fi kauri a kan seti mai tsada, dillali kuwa da la'ada yake cefane. To amma la'adar da aka ci a kan bashin da ba a biya ba, ai rigima ce aka saya, gobe kai za a kira gaban Sarkin Kasuwa ko gaban alƙali ka yi shaida. Muna roƙon shugabannin 'yan kasuwa na Gaya da Ajingi su duba ko za a ware wa masu faifai da tabarmi da tukwane da daddawa wuri mai inuwa a cikin kasuwa, maimakon bakin kwata da ake tura su, kuma a daina tare su a hanya tun ba su sauke kaya ba.

Mu kuma a namu ɓangaren, daga fitowa ta gaba za mu riƙa sa farashin faifai da tabarmar kaba da randa da tukunyar zubi da kalwa da man ƙuli a ƙarƙashin na hatsi, yadda ake sayarwa a nan da yadda ake sayarwa a Wudil ran Juma'a da kuma cikin birni, don mai saƙa ta san abin da kayanta ke yi kafin a taya. Duk dillali ko dillaliyar da ke da labarin farashin waɗannan kaya, a aiko mana da shi kafin ranar kasuwa.