Filin lise ba na sayarwa ba ne

Jama'a, akwai wata ƙwace da ake yi wa ɗiyan talakawa da rana tsaka, kuma shiru kake ji. Ana ƙwace musu filin wasa da dandalin teyatur a makarantun gwamnati, kaɗan-kaɗan, har mun fara ɗauka haka abin yake tun asali.

Ku tambayi duk wanda ya yi karatu a tsofaffin lise irin su Dan Baskore a Maraɗi, Amadu Kuran Daga a Damagaram, Agabba a Tawa, ko Isa Korombe da Kasai a Yamai. Kafin ya ba ku labarin lissafi, sai ya ba ku labarin gasar ƙwallo tsakanin azuzuwa, da ranar da lise ɗinsu ya kara da wata makaranta gari ya cika, da makon al'adu inda ake kokawa da langa da rawar gargajiya, a rufe da teyatur. A wannan dandali ne yaro mai jin kunya yake koyon tsayawa gaban mutum ɗari biyar ya yi magana ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. A wannan fili ne ɗan mai gadi yake zama kaftin, ɗan alhaji yana bin umurninsa.

Yau fa? Ta hanya uku ake kashe abin. Ta farko, filin kansa. A wasu makarantu an jera shaguna a jikin katanga ana karɓar haya, a wasu an yanki gefe an yi fegi, a wasu kuma an dasa azuzuwan zana a tsakiyar filin ƙwallo da sunan na wucin gadi, shekara da shekaru suna nan. Ta biyu, kuɗi. Iyaye na biyan kuɗin COGES duk shekara, amma malamin motsa jiki yana shiga fili da yara tamanin da ƙwallo ɗaya, ita ma a sace take. Ta uku ita ce ta fi ciwo: inda makon al'adun bai mutu ba, an mayar da shi hayar lasifika da mai saka kiɗa, yara su yi tsalle-tsalle har dare a watse. Ba wanda ya rubuta wasa, ba wanda ya yi wata biyu yana haddar magana, ba malamin da ya tsaya a kai.

Mun san amsar da ake ba mu. Ana cewa sakamakon BEPC da na Bak ya yi ƙasa, ba benci, ba littattafai, malaman kwantaragi na bin albashi, ku kuma kun zo da zancen wasa? Duk waɗannan matsaloli gaskiya ne, kuma mun sha magana a kansu. To amma tambaya ɗaya: shekarun da aka yi ana cin filin nan, sakamakon ya gyaru? Kuɗin hayar shagunan, wane benci suka saya? Sannan masu wannan magana ɗiyansu na makarantun kuɗi, inda akwai filin kwando mai siminti da kulob na wasan kwaikwayo, kuma da hotunan su ake tallar makarantar. Ashe sun san amfaninsa. Ɗan talaka ne kawai ake ce wa ɓata lokaci ne.

Abin mamaki, ita kanta gwamnati tana jarraba ɗalibai a motsa jiki a BEPC da Bak, ana ba da maki. Tana kuma horar da malaman wasanni a INJS a Yamai. Yaya za ka jarraba yaro a gudu da tsalle, alhali ka bar filin da zai koya ya koma kasuwa?

Mu dubi inda muka tsaya. Tun samun ƴancin kai a 1960, lambar Olimpik biyu Nijar ta taɓa samu: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdoulrazak Issoufou Alfaga a taekwondo a Rio a 2016. Shekara 44 tsakaninsu, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Ba ƙarfi muka rasa ba, kuma kokawa ta isa shaida. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, kusan duk shekara jihohi na turo ƴan kokawarsu, ƙasa ta tsaya cik tana kallo, har filin Maraɗi ya ci sunan Kantu, na Damagaram ya ci sunan Langa-Langa. Kokawa ta rayu don tana da fili, tana da lokaci, tana da masu kula da ita. Abubuwan nan uku ne aka hana wasannin makaranta.

Haka teyatur. Yazi Dogo da dattawanmu ke tunawa da wasanninsa a rediyo da talabijin, malamin lakwal ne. Shi da abokan aikinsa sun yi wa ƙasa wa'azi a kan cin hanci da almubazzaranci da zalunci cikin raha, da Hausar da kowa ke ji. A watan Maris na 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To ina ɗan lise zai gwada rubuta Hausa mai kyau, ya tsaya ya faɗe ta gaban jama'a, idan ba a dandalin makarantarsa ba? Harshe ba ya girma a cikin takarda.

Ga iyayen da ke tsoron cakuɗuwar maza da mata da lalacewar tarbiyya, tsoronku na da dalili, amma ku duba da kyau. Wasan da aka shirya da rana, cikin katangar makaranta, malamai na tsaye, iyaye na zaune a gaba, shi ne ya fi hatsari, ko zaman fada har tsakar dare inda tiramol ke yawo hannu zuwa hannu? Yaro mai shekara 17 sai ya kai ƙarfinsa wani wuri, ko mun so ko mun ƙi. Ƴan mata kuwa su suka fi asara, don namiji zai samu lungu ya buga ƙwallo, ita kuwa in makaranta ba ta ba ta fili ba, shi ke nan.

Abin da muke nema ba ya buƙatar miliyoyi. Kowane lise na gwamnati a auna filinsa, a yi masa takarda, a kafa iyaka, kada magajin gari ko darakta ya ƙara taɓa taku ɗaya. Inda akwai shaguna, a liƙa lissafin hayarsu a allo kowa ya gani, a ware kaso na wasanni. COGES ta faɗa wa iyaye a taro nawa ta kashe a ƙwallaye da kayan teyatur. A tsayar da yammaci ɗaya a mako na wasanni da al'adu, kada wani darasi ya hau kansa. Makon al'adu kuma, kowane aji ya kawo wasan da ya rubuta da kansa kafin a kunna lasifika.

Tsofaffin ɗalibai, ku da kuka cika zaurukan WhatsApp da hotunan da, kuna cewa Allah ya jiƙan zamani, ga aiki. Ku je makarantarku cikin makon nan ku taka filin da ƙafa, ku ga abin da ya rage. Ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan garin a ƙasan wannan rubutu, mu haɗa su mu kai wa hukumomin ilimi na jiha. Ƴan USN, ku ma wannan na cikin haƙƙin da kuke karewa. Filin da aka zuba wa siminti ba ya dawowa, don haka a tashi tun akwai sauran abin da za a auna.