Wagon Ɗin da Hajiya Ba Za Ta Iya Shiga Ba

Duk sanda wani kamfani ya fito da sabuwar motar baje koli, sai hotunanta su cika zaurukan WhatsApp na mazajenmu a nan Birtaniya. Wannan ya ce ta haɗu, wancan ya ce Allah Ya mallaka mana. To, ni dai ina da ja, musamman a kan masu dogon bayan nan, wato wagon, da ake cewa wai an zana su ne don iyali.

Mu ɗauki guda ɗaya da har yau ake yaɗa hotonta. A 2014 kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya nuna wata mai suna Concept Estate a bikin baje kolin motoci na Janiba. Ruwan ƙasa ce, rufinta gilashi, ga ta doguwa ta kwanta luf kamar damisa. Kyau kam ba a magana. Amma ƙofa biyu gare ta a gefe, kujera huɗu. A ƙasan but kuwa, abin da suka jera na nuni kayan wani wasan katako ne na mutanen Suwidin da ake kira kubb. Haba jama'a! Motar iyali ke nan?

Mu fa mun san wagon tun kafin mu san Hitiro. Fijo 504 mai dogon baya, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, mai layin kujeru uku, ita ta kai amare ɗakinsu, ita ta kai marasa lafiya asibiti, buhun gero a baya, akwati a sama. Kuma kada wani ya ce mini amfani da kyau ba sa zama inuwa ɗaya. Pininfarina, gidan zanen nan na Italiya da ya zana motocin Ferrari da dama, da hannunsa a zanen 504, kuma ita ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969.

Ni nas ce, don haka ma'aunina daban. Idan aka yi wa dattijuwa aikin sauya kwatangwalo, akan gargaɗe ta na wasu makonni kada ta zauna a kujerar da gwiwarta za ta fi ƙugunta tudu, kada ta lanƙwashe ƙugun fiye da digiri 90. Yanzu ku kawo Hajiya gaban motar da ta kusa shafar ƙasa, mai ƙofa biyu. Ko a zaunar da ita a gaba ta nutse, ko a kife kujera a ce ta sunkuya ta kutsa baya. Wane ɗa ne zai yi wa mahaifiyarsa haka? Na sha tura keken marasa lafiya har bakin mota ranar sallama, in tsaya ina kallon iyali suna kokawa da keken guragu ya ƙi shiga but, saboda an zaftare rufin baya don motar ta yi siffar gudu. A wannan lokacin ba wanda ke tuna launin fatar kujera.

Ga kuma yara. Dokar ƙasar nan ta ce yaro zai zauna a kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Maman Abba, ke da ke ɗaure yara biyu kowace safiya cikin sanyi da yayyafi, gaya mana yadda za ki yi da ƙofa biyu. Ba ma a zo maganar zuwa filin jirgi da akwatuna masu kilo 23 na tsarabar gida ba.

Sai allon latsawa. Abin da aka fi yaba wa motar nan shi ne ta share maɓallai, ta mayar da kusan komai kan allo guda kamar waya. An tafa, kamfanoni da yawa suka bi wannan hanya. Maɓalli kana laluba shi idonka na kan titi, allo kuwa sai ka kalle shi. Duk wanda ya taɓa aiki a sashen gaggawa ya san abin da daƙiƙa biyu na kau da ido ke jawowa. Ga shi yanzu hukumar Euro NCAP mai gwada lafiyar motoci ta ce daga 2026 motar da ke neman tauraro biyar sai ta kasance da maɓallan gaske na abubuwa irin su hon, tirafiketa da waifa.

Na san amsar da za a ba ni: "Anti Nas, ai ba ta sayarwa ba ce, nuni ce kawai." Gaskiya ne, kuma V90 da ta biyo baya a 2016 ta zo da ƙofa huɗu. Amma motar nuni ita ke ɗora wa na baya ɗabi'a. V90 ta fi tsohuwar V70 tsawo, amma but ɗinta bai kai na V70 ba, don an kwantar da gilashin baya. Kun ga inda kwalliya ta ci wurin kaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kamfanin ya san daidai. Injiniyansa Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro bel ɗin kujera mai maɗauri uku a 1959, suka bar wa kowa ya yi amfani da shi kyauta. Wannan shi ne zane. Ba ya ɗaukar ido a hoto, amma mu da ke karɓar waɗanda suka yi hatsari mun san bambancin wanda ya ɗaura da wanda bai ɗaura ba.

Saboda haka, Alhaji, in za ka sayi wagon, saya, na ma fi son ta da dogayen jif ɗin nan masu tsayin goshi da ke tare wa direba ganin ƙaramin yaro. Amma ka tafi wurin dillali da keken guragu, da kujerar jariri, da Hajiya in hali ya yi. In duka sun shiga ba wanda ya yi nishi, biya kuɗinka. In ba su shiga ba, bar musu abarsu, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.