Ma'aikatan Banki a Cikin Yaƙin Sudan

Sharhinmu na yau zai leƙa Sudan, kan wasu bayin Allah da ba kasafai ake tunawa da su ba in ana lissafin waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, wato ma'aikatan banki.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamdan Dagalo. A lokacin, kusan duk hedkwatocin bankunan ƙasar a birnin suke. Kafin a ankara an fasa rassa, an wawashe, wasu an cinna musu wuta. Kashiyan da ya kulle durowarsa ranar Alhamis da niyyar dawowa Lahadi, hanyar gudun hijira ya kama da iyalinsa.

Mutane na yi wa ma'aikacin banki kallon mai kuɗi, alhali ɗan albashi ne, kuma shi ma ajiyarsa ta maƙale a inda ta kowa ta maƙale. Manajan da unguwa ta san makullin ma'ajiya na hannunsa kuwa, ya fi kowa kwana cikin fargaba. Da yawa sun tsere Wad Madani, sai ga shi a Disambar 2023 ita ma ta faɗa hannun RSF. Aka sake ɗaure kaya. Waɗanda suka kai Port Sudan, inda babban banki ya koma, sun tarar da kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, darajar fam ɗin Sudan kuma kullum ƙasa take yi. Wasu an tura su hutun dole ba ko sisi.

Duk da haka, waɗannan mutane ne suka riƙe manhajar Bankak ta Bankin Khartum tana aiki, wadda da ita ɗan da ke Saudiyya yake turo wa mahaifiyarsa kuɗin gero da magani. Da aka zo canjin takardun kuɗi a Disambar 2024, su ne suka tsaya a kanta tun safe, suna ba dogon layin mutanen da ransu ya ɓaci haƙuri, saboda ƙarancin tsabar da ba su suka jawo ba.

Muna kira ga masu bankunan Sudan da hukumomin ƙasar: duk reshen da za a sake buɗewa, a fara kiran tsofaffin ma'aikatansa, a biya su haƙƙinsu, a kuma kula da iyalan waɗanda suka rasu.