SHIN DON WA AKE RUBUTA DOKA A JALINGO?

Tun ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Jalingo ta zama hedkwata. Amma har yau manomin da ya shigo birni neman hakkinsa sai ya zama kurma a bakin ofis, domin doka da Turanci take, takardar gwamnati da Turanci, hukuncin babbar kotu ma da Turanci. Ga shi kuwa a kasuwar garin, Bamumuye da Bajukune da Bafillace da Hausa suke ciniki.

Kada wani ya fake da Tsarin Mulki. Sashe na 97 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowace Majalisar Dokoki ta jiha ikon ƙara wani harshen jihar a kan Turanci, in dai ta zartar da ƙuduri. Sashe na 36 kuma ya ce dole a bayyana wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta. Ashe ƙofa a buɗe take, masu shiga ne suka yi nawa.

'Yan Arewa mazauna Ikko shaida ne. Majalisar jihar tana zaman ranar Alhamis da Yarbanci, a 2018 kuma aka kafa dokar kare harshen. Majalisar Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da Turanci da Hausa ta yi muhawararta. Shin me ya lalace?

Masu suka suna cewa Taraba jiha ce mai harsuna barkatai, ɗaga Hausa danne sauran ne. Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne. Amma Turancin da ake riƙe da shi bai ɗaga Kuteb ko Mambila ba, 'yan boko kaɗai ya ɗaga. Abin da ya kamata shi ne a bar Turanci a matsayinsa, a fassara kowace doka da kasafin kuɗi da Hausa, sa'an nan a ɗauki ƙwararrun tafintoci na Mumuye, Jukun, Tibi, Fulfulde da sauransu a kotuna. Wanda aka ɗaure bisa kuskuren fassara ba ya tambayar harshen wa aka fifita.

Kamaru, wadda ta yi iyaka da Taraba, ta isa ishara. A 2016 lauyoyin yankin masu Turanci suka yi zanga-zanga saboda dokoki da alƙalan da aka kawo musu da Faransanci. Aka yi biris da su, abin ya zama yaƙi, har 'yan gudun hijira suka tsallako cikin Taraba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wakilai 24 ne a majalisar Jalingo, kuma babu wanda ya roƙi ƙuri'ar talaka da Turanci. To, harshen da aka nemi kujera da shi, da shi ya kamata a yi wa mai ƙuri'a bayanin doka.